Sababbin albam na ƙarshen 2024: kowa ya faɗi nasa

Sadiq Admin: Assalamu alaikum 'yan gida. Rabonmu da zaman albam tun kafin ruwa ya ɗauke, ga shi kaya sun taru. Tyler, the Creator ya saki Chromakopia ranar 28 ga Oktoba, The Cure suka biyo da Songs of a Lost World ranar 1 ga Nuwamba, Linkin Park suka dawo da From Zero ranar 15, sannan Kendrick Lamar ya jefo GNX ranar 22 ba ko sallama. Doka dai ita ce wadda kuka sani: ra'ayi a taƙaice, sai maki cikin goma. Wanda bai ji albam daga farko har ƙarshe ba ya riƙe makinsa, gutsuren TikTok ba sauraro ba ne. Ban da zagi.

Abba Compton: Wa alaikumus salam Oga. GNX goma cif. Waƙa 12, minti 44, babu wadda nake tsallakewa. Ba talla, ba alkawari, kawai aka wayi gari ranar Juma'a aka gan shi. Satin farko ya hau lamba ɗaya a Billboard, jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, kuma waƙoƙinsa ne suka cinye gurbi na ɗaya zuwa na biyar a jerin waƙoƙi 100. Na gama magana.

Bash OVO: Goma fa ka ce? Abba ka ji tsoron Allah. Mutum ya ci yaƙin baitoci da Drake tun watan Mayu amma har yanzu huci yake. Waƙar farko ma ƙorafi ce zalla: an ɓata masa hoton bango, Lil Wayne ya ji haushin an ba Kendrick waƙar hutun rabin lokaci a Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, Snoop ya yi masa kaza. Shida nake ba shi, shi ma don “luther” ne da muryar SZA.

Abba Compton: To ai ko “Not Like Us”, waƙar da ya caccaki Drake da ita, bai saka a ciki ba. Da ramuwa yake nema da ita zai buɗe. Kuma kai da ubangidanka Drake ya garzaya kotu kake zancen huci? Tunda aka fara gambara ka taɓa jin an kayar da mutum a baiti ya tafi wajen lauya?

Bash OVO: Kamfani ya kai, ba Kendrick ba. Takardar da ya shigar a New York ranar 25 ga Nuwamba kan kamfanin waƙa UMG da manhajar sauraron waƙa Spotify ce, yana zargin an kumbura alƙaluman masu sauraro. Kuma UMG ɗin nan ita ce uwar kamfanonin da ke rarraba musu waƙa su duka biyun. Ka karanta kafin ka yi dariya.

Abba Compton: Na karanta, kuma na yi dariyar.

Sadiq Admin: Ku dawo kan albam don Allah. Rigimar Drake mun yi ta sati guda a watan Mayu.

Nura Sitidiyo: Ni ta ɓangaren kiɗa zan yi magana. Wanda ya saurari GNX da sifikar waya bai ji shi ba. Albam ne na mota, an gina shi kan dukan ƙasa mai nauyi da tafi da ɗan fili tsakanin sauti, irin na Los Angeles. Ba a cika shi da kaya ba, shi ya sa muryar ke zaune daram a gaba. Cikin masu haɗa kiɗan, Sounwave ne ƙashin bayan aikin, Mustard ya kawo zafin “tv off”, abin da ya ba ni mamaki shi ne Jack Antonoff, mutumin Taylor Swift, yana da hannu a kusan kowace waƙa amma ba ka jin ƙamshin pop. Sai muryar Deyra Barrera, mawaƙiyar mariyaci daga Meziko, da ta buɗe albam ɗin da Sifaniyanci ta sake dawowa sau biyu. Takwas da rabi.

Kawu Sule: Salamu alaikum yara. Na ji GNX. Yaron ya iya, wannan ba abin musu ba ne, ba a banza aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer a 2018 ba. Amma idan kuka ajiye shi kusa da To Pimp a Butterfly na 2015, za ku ga wancan yana tambayar al'umma ne, wannan kuwa yana ƙirga waɗanda suka gaishe shi da waɗanda ba su gaishe shi ba. Waƙar da ta tsaya mini ita ce “heart pt. 6”, inda ya sauke murya ya ba da labarin farkonsu a kamfanin waƙa na TDE da Jay Rock da Ab-Soul da ScHoolboy Q, ya kuma ɗauki laifin rashin fitowar albam ɗin haɗin gwiwarsu. Nan na ji babban mutum. Bakwai.

Abba Compton: Kawu da girmanka, ba kullum mutum zai yi wa'azi ba. A 2022 ya yi mana Mr. Morale, fiye da awa guda yana tone ciwon gidansu, kuka ce ya yi nauyi. Yanzu ya yi na rawa kun ce ba zurfi. Kuma ku duba waɗanda ya ɗauko: AzChike, Dody6, Lefty Gunplay, Peysoh, yaran unguwa da ba wanda ya sani a wajen Kalifoniya. Da kuɗi yake nema da manyan sunaye zai jera.

Kawu Sule: Wannan ka yi gaskiya ɗana, na yaba masa a kan yaran. Amma makina yana nan.

Anti Rabi: Ni “reincarnated” ce ta dame ni. Kiɗan na Tupac ne, salon ma na Tupac, har tsigar jikina ta tashi don da shi muka taso. Amma da na natsu na bi baitukan, mutum yana cewa ya taɓa rayuwa a jikin wani makaɗin jita, ya sake rayuwa a jikin wata mawaƙiya, ƙarshe yana musayar magana da Ubangiji. A'uzu billahi. Na san fasaha ce, amma ba na sake kunna ta. Sauran kuma sai yara sun sauka daga mota.

Nura Sitidiyo: Anti akwai wanda aka tace, ki nemi wanda babu alamar E a jiki.

Anti Rabi: Na gwada ƙanena. “tv off” ɗin da aka tace ai rabinta shiru ne.

Bash OVO: Hahaha Anti kin gama da su.

Ummi Meteora: To ku matsa mu 'yan rok mu shigo. From Zero, takwas. Na shiga da niyyar ƙi, na fito ina maimaita “The Emptiness Machine” da “Heavy Is the Crown”. Shekara bakwai ke nan da rasuwar babban mawaƙinsu Chester Bennington, tun Yulin 2017, ban zaci zan sake jin sabon abu da sunan Linkin Park ba. Emily Armstrong, sabuwar mawaƙiyarsu, tana da maƙogwaro, ihun da ta ja a “Heavy Is the Crown” ya isa shaida. Waƙa 11, minti 32, ba su ja zance ba.

Faruk Jos: Ummi ki yi haƙuri, huɗu. Ba Emily nake zargi ba. Mike Shinoda, jagoran ƙungiyar, nake zargi. Ka saurari albam ɗin sai ka riƙa cewa wannan daga Meteora aka ɗebo, wannan daga Hybrid Theory, wannan daga Minutes to Midnight, duk tsofaffin albam ɗinsu. Ba Chester, mai ganga Rob Bourdon ya tafi an kawo Colin Brittain, mai jita Brad Delson ya ce ba zai riƙa bin su yawon wasa ba. Me ya rage? Su canza suna mana.

Ummi Meteora: Su canza suna saboda me? Shinoda da Delson da Joe Hahn suna cikin ƙungiyar kafin Chester ya zo a 1999. Su suka kafa gidan. Ƙungiyar AC/DC sun rasa mawaƙinsu Bon Scott a 1980, a shekarar suka kawo Brian Johnson suka yi Back in Black, wa ya ce su canza suna?

Faruk Jos: Back in Black sabon abu ne da ya fi na baya. From Zero ya fi Meteora? Ki rantse.

Ummi Meteora: Ban ce ya fi ba. Na ce ya cancanci a ji shi da kunnen adalci.

Anti Rabi: Yarinyar nan tausayi take ba ni. Amarya ce aka kai gidan da uwargida ta rasu, ga 'ya'ya sun girma, ga hoton marigayiya a falo. Ta yi miya irin ta marigayiya a ce kwaikwayo take, ta yi irin tata a ce ta ɓata girkin gidan. A sababbin waƙoƙi ba ta da matsala. Sai ta hau dandali ta ɗauko “Numb” ko “In the End” ake jin giɓin.

Faruk Jos: To ai nan ne maganar Anti. Filin wasa ba don sababbin waƙoƙi yake cika ba.

Nura Sitidiyo: Abin da ni na lura, an matse sautin albam ɗin sosai, komai a sama yake, jita da ganga da murya duk ƙarfi ɗaya. A iyafis yana da daɗi minti goma na farko, daga nan kunne ya gaji. “Overflow” ce kaɗai suka bar iska ta shiga, kuma ita ce ba ta yi kama da tsohon aikinsu ba. Da sun bi wannan hanyar da na ƙara musu. Shida.

Bash OVO: Ni dai Linkin Park ɗin da na sani shi ne na “Numb/Encore” da Jay-Z, 2004. Shi ne ya shigo da rabin 'yan gidan nan rok, ko ba za su faɗa ba.

Ummi Meteora: Wannan kam ba ƙarya. A wayar yayana na fara jin ta.

Kawu Sule: Tunda an zo rok, ku ba tsoho wuri, kuma Sadiq ka yafe mini dokar taƙaitawa. Songs of a Lost World tara nake ba shi. Shekara 16 The Cure ba su fitar da albam ba, tun 2008. Mawaƙinsu Robert Smith shekararsa 65 lokacin da albam ɗin ya fito. Waƙa takwas ce kacal. Ta farko, “Alone”, sai an yi fiye da minti uku ana kiɗa kafin ya buɗe baki, ta ƙarshe kuma ta haura minti goma. A zamanin da ake ce wa mawaƙi ya kawo amshi cikin daƙiƙa goma sha biyar ko a wuce shi, wannan ƙarfin hali ne. Cikin shekarun nan ya rasa uwa, ya rasa uba, ya rasa wansa, kuma “I Can Never Say Goodbye” a kan wan nasa ya yi ta. Bai yi ƙoƙarin zama yaro ba. Bai gayyato wani matashi ya yi masa baiti don a ja 'yan TikTok ba. Ya tsaya a shekarunsa ya rera abin da mai shekarunsa ke ji idan ya duba ya ga sa'o'insa suna raguwa. Kuma muryar ba ta tsufa ba, wannan ne abin al'ajabi. Ya hau lamba ɗaya a Ingila, rabonsu da haka tun Wish a 1992.

Abba Compton: Kawu na gwada saboda kai wallahi. Na ɗauka waƙar ba ta da murya ne, na duba ko wayata ce ta maƙale.

Kawu Sule: Ba wayarka ba ce, haƙurinka ne. Ka ajiye shi, zai jira ka.

Faruk Jos: Ina bayan Kawu a nan, tara. Ummi ki ga bambanci. Su ma tsofaffi ne da suka dawo, amma ba su dawo suna kwaikwayon ƙuruciyarsu ba.

Ummi Meteora: Su mai muryarsu yana raye Faruk. Ba gwaji ɗaya aka yi musu ba. Kuma kai da kake zancen kwaikwayo, duk wanda ya san albam ɗinsu Disintegration na 1989 ya san daga wace rijiya aka ɗebo wannan.

Kawu Sule: 'Yata ta kama ka a nan.

Zee Kaduna: Ba wanda zai taɓa Tyler ne? Chromakopia tara. A wajena ya fi GNX, ku jefe ni. Muryar mahaifiyarsa ce ke ratsa albam ɗin tana yi masa nasiha. Shekararsa 33, yana ta juya maganar haihuwa da aure da tsoron idon jama'a. “Like Him” ta karya ni. Kun san mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, sunansa na gaskiya Tyler Okonma, bai tashi da uban ba, kuma ya daɗe yana zaginsa a waƙa tun yana yaro. A ƙarshen wannan waƙar uwar ta fito ta ce laifinta ne, uban ya so ya kasance tare da shi. Mutum ya gina fushinsa shekara da shekaru a kan labari guda, rana ɗaya a ce masa ba haka aka yi ba.

Anti Rabi: Wannan ta taɓa ni ni ma. Muna da irinsu da yawa a nan, aure ya mutu, a raba yaro da dangin uba, a ba shi labari ɓangare ɗaya. Amma “Sticky” kam ba da ni ba.

Zee Kaduna: Anti “Sticky” ta 'yan makaranta ce, ki bar mana.

Bash OVO: Bakwai. Tyler yana da kunne, amma yana cusa abu goma a waƙa ɗaya. Ka fara jin daɗin kiɗa sai ya sauya shi. Abin da na yaba shi ne ranar Litinin da ya saki albam ɗin. Tun 2015 duniya ta koma sakin waƙa ranar Juma'a, shi ya ce mutane sun fi natsuwa su saurara a hanyar aiki da makaranta. Da kwana huɗu kacal a satin ƙirga ya hau lamba ɗaya.

Nura Sitidiyo: Ku koma ku ji “Noid” da kyau. Amshin nan da ba Turanci ba daga Zambiya aka ɗauko shi, waƙar Ngozi Family ce ta 1977, ƙungiyar marigayi Paul Ngozi. A shekarun 1970 Zambiya tana da rok nata na kanta, jita mai ƙura da kaushi, ana ce masa Zamrock. Mu ma a Legas a lokacin akwai su BLO da Ofege. Sai ɗan Kalifoniya ya tono ya kawo mana sannan muka sani.

Mamman Ɗan Tawa: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karatu ina jira in ga ko wani zai ambaci abin da ke bakin ƙofarku, shiru. Kun tafi Los Angeles, kun tafi Landan, har Lusaka kun leƙa. To albam ɗin rok da ya fi duka waɗanga a shekarar ga daga Nijar ya fito. Funeral for Justice na Mdou Moctar, ranar 3 ga Mayu, kamfanin Matador na Amurka ya fitar. Goma.

Sadiq Admin: Wa alaikumus salam Malam Mamman. Na Mayu ai ba sabo ba ne.

Mamman Ɗan Tawa: Ga wanda bai ji ba sabo ne, Oga. Wa ya ji shi cikinku?

Faruk Jos: Na san sunan, na ji Afrique Victime na 2021. Wannan ban ji ba.

Abba Compton: Kiɗan Buzaye ne ko? Irin na biki?

Mamman Ɗan Tawa: Ka ga irin abin da nake faɗi. E, Buzu ne, ɗan jiharmu ta Tawa, ya yi zama Agadas, kuma a gidan biki ya koyi aikinsa. Bahago ne, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta don gidansu ba a son kiɗa. Amma ka kunna waƙar farko ta albam ɗin ga ka gaya mini ko akwai jitar da ta kai ta zafi cikin From Zero. A watan Afrilu a Coachella, babban bikin kiɗa na Kalifoniya, ya yi wasa. Turawa sun san shi, maƙwabta ba su sani ba. Kuma abin da zai ba ku kunya: albam ɗinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da otocun ɗin nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Ta katin memori da bulutut waƙoƙin sunka bazu har Mali da Muritaniya, can wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsince su cikin salular mutane ya shiga nemansa.

Nura Sitidiyo: Tsaya Malam. A Sakkwato? Da irin kayan aikinmu?

Mamman Ɗan Tawa: Da irin kayanku, da ganga ta inji da komi. Ka nemi “Tahoultine” ka ji, za ka rantse daga fim ɗin Hausa ta fito, harshe kawai ya bambanta.

Zee Kaduna: To amma Malam Mamman da Tamashek yake waƙa. Ta yaya zan ba da maki ga abin da ba na jin ko kalma ɗaya?

Mamman Ɗan Tawa: 'Yar'uwa, amshin Zambiya da kika ba tara kin ji shi? Sifaniyancin da ke farkon GNX Abba ya ji shi? Kuma mu faɗi gaskiya, Turancin unguwannin Los Angeles da Kendrick ke yi, mutum nawa ne nan ke gane shi ba tare da ya buɗe Genius, shafin da ke bayanin baitoci, ba?

Abba Compton: Ni ina ganewa.

Bash OVO: Ƙarya kake, ranar da ya fito kai ka turo mini kana tambayar ma'anar baiti.

Zee Kaduna: Ba ɗaya ba ne. Amshi guda daban, albam sukutum daban. Gambara magana ce, dole a bi ta. Ina tsoron in yabi abin da ban san me yake cewa ba.

Mamman Ɗan Tawa: To ga abin da yake cewa. “Oh France” kai tsaye da Faransa yake, kan abin da mulkin mallaka ya bari. Shekara fiye da hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kunna fitilun wata ƙasa, mu kuwa mafi yawan wutarmu daga Nijeriya munka daɗe muna saye, kun kuma ga yadda anka yanke ta a Agustan 2023. “Imouhar” kira ne ga Buzaye su riƙe harshensu, don yara suna barinsa. Taken albam ɗin kansa tambaya ce ga shugabannin Afirka. Kuma kada wani ya ce juyin mulki ya bi: an gama naɗar waƙoƙin kafin 26 ga Yulin 2023. Ranar da sojoji sunka kifar da Bazoum suna Amurka suna yawon wasa, iyakoki sunka rufe, sunka maƙale can sai da masoya sunka yi musu karo-karo.

Kawu Sule: Na dakata na saurari uku daga ciki kafin in yi magana, don haka ba zan ba da maki ba, na bi doka. Malam Mamman, wannan mutum ya ji Hendrix ya ji Van Halen, amma tafiyar gangar ba tasu ba ce. Tana farawa a hankali tana ƙara gudu har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Abin da na ce babu a GNX, wato mawaƙi ya ɗaga kai daga kansa ya dubi jama'a, ga shi nan.

Abba Compton: Kawu wannan kuma son kai ne. Don na gida ne shi ke nan ya fi?

Kawu Sule: Ban ce ya fi ba, na ce ya dubi jama'a. Fushi iri biyu ne. Akwai na wanda aka ɓata wa hoton bango, akwai na wanda garinsu ba wuta.

Abba Compton: Kendrick da ya yi “Alright” ba sai an koya masa fushin jama'a ba. Da ita aka yi zanga-zanga a titunan Amurka.

Kawu Sule: Shi ya sa na sa masa ido fiye da kowa.

Faruk Jos: Ni abin da ke ba ni haushi, an fitar da jerin Grammy ranar 8 ga Nuwamba. A rukunin albam ɗin rok akwai Rolling Stones, Green Day, Pearl Jam, Black Crowes, duk 'yan fansho. Sai Jack White da Idles da Fontaines D.C. Ina Mdou?

Mamman Ɗan Tawa: In Bature ya riƙe jita sunanta rok, in Buzu ya riƙe sai a ce kiɗan duniya. Tinariwen sun ci Grammy a 2012, Bombino ɗan Agadas ya shiga takara a 2019, duka a wancan rukunin anka sa su.

Ummi Meteora: Tunda Faruk ya ambaci Jack White, albam ɗinsa No Name takwas. Ranar 19 ga Yuli ya sa aka riƙa zura faifan cikin ledar masu sayayya a shagunansa na Detroit da Nashville da Landan kyauta, ba suna ba hoto, mutane suka je gida suka ɗora suka gane muryarsa. Jita da ganga ne tsirara. Romance na Fontaines D.C. kuma bakwai, “Starburster” ta fi sauran nesa.

Zee Kaduna: A gambara kuma ku sa ido kan Doechii. Alligator Bites Never Heal ya fito ranar 30 ga Agusta, ranar ƙarshe ta shiga takarar Grammy ta bana, kuma ya shiga. GNX da Chromakopia sai baɗi. Takwas da rabi.

Bash OVO: Ba wanda ya tuna da Eminem? Yuli fa albam ɗinsa ya fito.

Zee Kaduna: Mun tuna, shiru muka yi masa don mutunci. Mai shekara 52 yana tsokanar mutanen da ya tsokana tun muna firamare. Biyar.

Bash OVO: Biyar ga wanda ya sauke Taylor Swift daga lamba ɗaya bayan sati 12? Baki dai yana nan, ba wanda ya kai shi jera kalma.

Zee Kaduna: Baki yana nan, abin faɗa ne babu.

Nura Sitidiyo: Malam Mamman na koma na ji Anar ɗin. Wallahi har sautin fiyanon na gane, irin wanda muke da shi ne a lokacin. Abin da ke cina shi ne, daga ɗaki irin namu ya fara, ya koma ya kafa ƙungiya mai mutum huɗu da ganga ta gaske, ya yi ta wasa a gaban mutane har hannu ya faɗa. Mu kuwa muka zauna a kan kwamfuta. Muna da masu baiti, ClassiQ, Morell, B.O.C Madaki, DJ AB, ba wanda zai raina su. Amma yaro ya zo sitidiyo yau, abin da yake so shi ne daƙiƙa talatin da za a hau a TikTok. Ka ce masa ya yi waƙa goma masu magana da juna sai ya tambaye ka wa zai biya.

Anti Rabi: To wa zai biya ɗin? Tambayarsa tana kan hanya. Mu nan da muke ta raba maki, nawa ne suka sayi ko waƙa ɗaya? Ta Xender ake tura mana.

Sadiq Admin: Anti kar ki tona mana asiri. Maganar gambarar Hausa zaure guda ce, za mu buɗe mata nata ranar Asabar, Nura kai za ka ja.

Nura Sitidiyo: Na karɓa. Malam Mamman, bayan Mdou wa zan nema? Ina son in ji yadda suke ɗaukar sautin ganga.

Mamman Ɗan Tawa: Etran de L'Aïr, su ma 'yan Agadas, 'yan gida ɗaya ne, makaɗan biki tun shekarun 1990. Sabon nasu ya fito a Satumba, 100% Sahara Guitar. Sai Les Filles de Illighadad in kana son ka ji mata da jita da tende. Amma ka fara da Etran, su suna sa Hausa cikin wasu waƙoƙinsu, Zee ma ta samu abin da za ta riƙe.

Zee Kaduna: Turo mini sunan daidai ta inbos, wannan rubutun Faransancin ba zan iya buga shi ba.